Gaisuwar Suruka a Cikin Kwara

Tun da farko ina so a rubuta a ajiye: laifin tela ne. Wanda duk ya ji wani labari dabam daga bakin ƙanin matata, ya tuna cewa yaron nan ko ya ce maka gari ya waye, sai ka leƙa waje ka tabbatar.

Ƙanwar matata ce ta haihu a Gaya, ɗan fari, namiji. Maman yara ta riga ni tafiya tun ranar da aka bugo waya, ni kuma na biyo baya daga Maradi: Ƙonni, Dogondutsi, Dosso, sannan mota ta karya kudu ta cinye kusan kilomita 150 ɗin nan da ke kai mutum bakin kogi. Ba ni da ƙorafi kan hanya, in ban da wata baiwar Allah da ta ɗora mini kajinta a cinya a Dosso, ta ce in riƙe mata ta gyara zama. Sai a tashar Gaya ta gama gyara zaman.

Jajibirin suna, saƙo ya fito daga ɗakin Inna, surukata. Ba ta faɗa mini kai tsaye ba, don tun da na auri 'yarta ba mu taɓa haɗa ido ba, kuma da haka muke zaune lafiya. Maman yara ce ta kawo: garin rogo ba zai isa ba, dangi na ta kwararowa daga Kamba da Tanda da Bengu, a tsallaka Malanbil a sayo buhu guda, a haɗo da manja da doya. Kowa a Gaya ya san gari ya fi araha a can, tunda daga kudancin Benin yake hawowa. Aka haɗa ni da ƙanin matata, wai ya nuna mini hanya.

Tun 1958 aka fara haɗa Gaya da Malanbil da gada, amma daga juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da takunkumin CEDEAO da ya biyo baya, gadar ta zama abin kallo. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata gefen, namu ya ci gaba da zama a rufe. Sai harka ta koma hannun masu fito. Mutum, babur, akuya, katifa, buhun albasa, komai a lokacin a kwale-kwale yake tsallakawa, gada na tsaye can sama tana kallon kowa. Muka tsallaka lafiya, muka yi ciniki lafiya, muka juyo bayan azahar da buhu mai kilo 50, jarkar manja da doya. Iyakar ɓangaren labarin da nake alfahari da shi ke nan.

Watan Mayu ne, Kwara ta ja baya ta bar taɓo. Jirginmu ya zo ya dafe, da sauran 'yar tazara kafin gaɓa, mai fito ya kafa gora ya ce nan ne iyaka, kowa ya sauka ya taka. Nan da nan 'yan dako suka shigo ruwa. Wani yaro da bai fi shekara goma sha biyar ba ya dafa buhuna ya ce dala hamsin, wato sefa 250. Ba rowa ce ta hana ni ba, a fahimce ni. Ni ɗan manomi ne daga Tibiri, na ɗauki damin gero tun yaron nan ba a san za a haife shi ba. Na tuɓe rigar shaddata na ninke, na haɗa da hula da waya na miƙa wa ƙanin matata. Na naɗe ƙafar wando zuwa gwiwa, na saura daga ni sai singileti. Na yi gammo da rawanin wani bawan Allah, ƙarti biyu suka ɗora mini buhu, na sa hannu biyu na tallafe, na shiga ruwa da bisimilla.

Takun farko da na biyu, ko a fim sai haka. Ruwa iya gwiwa, ƙirji a gaba, wuya a tsaye. Sai taɓo ya kama ƙafata ta dama ya ƙi saki. Na ja, ya ja. Na tattara ƙarfina na fizga.

Ɗas!

Babu wanda ya ji wannan ƙarar a duk bakin kogin. Ni ma ba da kunne na ji ta ba, da ƙugu na ji ta. Mazagin wandona ne ya tsinke, mazagin da tela ya rantse mini cewa ko raƙumi aka ɗaure da shi ba zai tsinke ba. Na tsaya cik. Hannuwana biyu suna sama, in na saki ɗaya buhu ya tafi, garin suna ya tafi, sunana a gidan surukai ya bi su. Na ji wandon ya ɗan saki jiki, ya yi shiru yana shawara. Sannan ya yanke hukunci.

Na matse gwiwoyi. Ya tsaya a kan ƙashin ƙugu, da kyar, gefe ɗaya ya fi ɗaya sauka. Na juya ido ina neman ƙanin matata. Tuni ya kai gaɓa da jarkarsa, ya ajiye, ya samu wani ɗan tudu ya hau, ya ɗaga waya. Wayata.

A nan ne Allah ya haɗa ni da tsohon.

Yana zaune a kan wani kifaffen jirgi, gabansa tiren muruci, don ƙasar Gaya ƙasar giginya ce, kuma muruci ba ya yankewa a bakin kogin. Ya kare ido da tafin hannu ya dube ni, ya ga tsagen da ke kumatuna, sai na ga fuskarsa ta washe irin ta wanda aka yi wa albishir. Bazabarme ne. Tsakanin Bagobiri da Bazabarme kuwa akwai wasan taubasai tun kaka da kakanni, wanda ba a fushi a cikinsa, ba a kai ƙara. Har UNESCO ta sanya wannan wasa na Nijar cikin kayan gadon duniya a 2014. Da wakilansu na bakin kogin Gaya ran nan, da sun sake zama.

"A'a! Bagobiri ne a ruwa?" in ji shi, da murya mai kaiwa Malanbil. "Me ya tsayar da kai, ɗana? Kifi kake ƙirgawa?"

Na ce, ƙasa-ƙasa, "Baba, mazagi ne."

"Me?"

"Mazagi."

"MAZAGI!" Ya juya ya sanar da 'yan kabu-kabu, ya sanar da masu kifi, ya sanar da wani mai shayi da ke can nesa bai tambaya ba. "Mazagin Bagobiri ya tsinke!" Na ji ana kashe babura ɗaya bayan ɗaya.

Ya ajiye murucin da yake ɓarewa, ya gyara zama. "Kada ka damu, abu mai sauƙi ne. Kumbura ciki."

Na kumbura. Tun koko da ƙosan safe ban sa komai a baki ba, kuma ni ba mai tumbi ba ne ko a ranar sallah. Abin da na samu na kumbura bai kai ya riƙe zobe ba. Ga shi kuma mai kumbura ciki dole wata rana ya yi numfashi. Da na saki, wandon ya ƙara sauka da faɗin yatsa biyu.

"To, ka ga irin ta Gobirawa, ba ku cin abinci. Buɗe ƙafafu. Buɗe sosai, wando ba ya wuce buɗaɗɗiyar ƙafa."

Mai fito daga bayana ya ce, "A'a Baba, haɗewa zai yi. Malam, haɗe gwiwa!"

"Buɗewa!"

"Haɗewa!"

Suka bar ni a tsakiya suka kama gardama ta saman kaina. Tsohon ya ce shi ya ga irin wannan da idonsa a zamanin Kunce, wani ɗan kasuwa ne da buhun gishirin Foga, kuma buɗewa ce ta cece shi. Mai fito ya tambaya ko mutumin ya kai gaɓa da wandonsa. Tsohon ya ce a'a, amma gishirin ya kai. Wani ɗan kabu-kabu ya ba da shawarar in riƙa tafiya da baya-baya. Tsohon ya ce wannan shawarar yara ce, baya da gaba duk na mutum ɗaya ne. Ya ƙara da cewa duk abin da zan yi, kada in yi tari, kada in yi dariya, kada kuma in tuna da atishawa. Ban taɓa jin atishawa ta taso mini irin ta wannan lokacin ba.

Na gwada buɗewa da ƙafa ɗaya, haɗewa da ɗayar, don kada in ɓata wa kowa. Taɓo ya karɓi ƙafar hagu ita ma.

"To tsaya, na samo," in ji tsohon, ya ɗaga yatsa. Jama'a suka yi tsit. "Ka yi haƙuri ka tsaya nan inda kake. Kada ka motsa. Kogin nan cika biyu yake yi a shekara. Akwai jan ruwan damina wajen Satumba, akwai kuma baƙin ruwa da ke tasowa tun daga duwatsun Gini, ya ratso Mali, ya iso mana wajen Janairu. Ko wanne ya riga zuwa, zai rufe ka har ƙirji, ba mai ganin komai."

Na ce, "Baba, yanzu Mayu muke."

Ya ce, "Shi ya sa na ce ka yi haƙuri."

Ina cikin auna wannan magana ne masu kifi suka ɗan dare, sai na hango su. Mata ne, sun kai goma, sun zo sayen kifin suna. A gabansu, da carbi a hannu da kwando a gefe, Inna ce. Surukata. Matar da shekara da shekaru ba ta taɓa ganin ko gashin kaina ba, don ban taɓa shiga gidanta ba hula ba. Tare da ita gwaggwannin matata na Kamba, dukkansu sanye da atamfa iri ɗaya, ruwan ɗorawa, mai zanen kaza da 'yan tsakinta.

Na san atamfar nan. Wayyo, na san ta.

Ankon bikin bara ne, bikin wannan ƙanwar da ta haihu, wanda aka yo oda daga Kwatano. Da aka ɗinka wa maman yara nata, ƙyalle ya ragu. Ita kuwa mace ce mai tattali, ko zare ba ta yarwa. Ta kai wa tela ta ce ya fitar mini da gajeren wando na ciki. Na nuna rashin amincewa a lokacin, Allah ya sani. Ta ce, "Haba Malam, wa zai gani?"

Atishawar ta zo.

Tun daga ranar, da na rufe ido abin da nake gani ke nan, kuma kullum a hankali yake tafiya. Wandon bai faɗi farat ɗaya ba, da ya yi haka da ya yi mini adalci. Sauka ya yi kamar yadda ake sauke tuta da maraice a barikin soja, sannu-sannu, kowa na tsaye yana kallo. Ya bar ƙugu. Ya yi ɗan jinkiri a cinya, har na sa rai. Ya wuce. Ya isa gwiwa, ya taɓa ruwa, ya baje a kansa, fari fat, ya kewaye ni. Ni kuma ga ni tsaye tsakanin ƙasa biyu, hannu a sama, buhu a ka, singileti a jiki, daga ƙugu zuwa cinya kaji ne ruwan ɗorawa. Babbar kazar, uwar, ta faɗo daidai gaba. 'Yan tsakin sun zagaya baya.

Nakan sake lissafin in ga ko akwai wata mafita. Da na jefar da buhun tun a ɗas ɗin farko? Da na faɗa ruwa na ce santsi ne? Da na juya na koma Benin na nemi mafaka? Duk lissafin da na yi, a wuri guda yake ƙarewa, wato a bakin wata 'yar yarinya, jikar Inna, mai shekara biyar ko shida, wadda ta saki hannun kakarta, ta nuna ni da yatsa, ta ɗaga murya cikin murna tsantsa:

"Kaka! Kaka! Baban Hadiza ma ya yi anko!"

Ban taɓa sanin bakin kogi na iya yin shiru haka ba. Mata goma suka dubi zannuwansu, suka dube ni, suka sake duban zannuwansu. Inna, Allah ya saka mata da alheri, ta kau da kai, ta tsura wa wani kifi ido, ta tambayi mai shi nawa ne. Kifin da ta riga ta biya, yana cikin kwandonta.

Tsohon ne ya fasa shirun. "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi," in ji shi, "amma kai ka wuce gona da iri. Wai wannan ba surukarka ba ce? Kai Bagobiri, haka aka koya muku a Tibiri? Ka ga surukarka ka tsaya ƙiƙam? Durƙusa ka gaishe ta!"

Na durƙusa. Da buhun, da komai. Ruwa ya hau ya rufe kaji, ya rufe cibiya, ya tsaya a ƙirji. Wani sanyi ya ratsa ni har zuciya. A raina na ce ashe tsohon nan waliyyi ne.

"Ina wuni, Inna."

"Lafiya lau," ta amsa wa kifin. "Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"An dawo lafiya?"

"Lafiya lau, Inna."

"Madalla. Sannu da ƙoƙari."

Da a nan aka tsaya da an rabu lafiya. Amma gwaggwanni na nan, kuma ba a gaida ɗaya a bar ɗaya. Kowace ta matso bi da bi, ta dubi sama ko ta dubi gefe, ta karɓi tata gaisuwar cikakkiya: ina gajiya, ina aiki, yaya mutanen Maradi, yaya wajen su Hajiya, yaya mai jego. Cinyoyina suka fara rawa. Ƙafafuna na ƙara nutsewa. Ta ƙarshensu, wata dattijuwa da ba ta gani sosai, da alama ba ta san abin da ake ciki ba. An yi yayyafin farko a Gaya a makon, don haka ta yi mini gaisuwar da ta dace da lokacin.

"Yaya ruwa?"

Na ce, "Ruwa ya yi gyara."

Wani ɗan kabu-kabu ya faɗo daga kan babur ɗinsa.

Gaisuwa ta ƙare, sai tashi. A nan na gano abin da tsohon bai faɗa mini ba: mutum na iya durƙusawa da kilo 50 a ka, amma tashi wani fanni ne dabam. Na yunƙura. Babu. Na sake yunƙurawa, na yi wani nishi da ban san ina da shi ba. Abin da na samu kawai shi ne ƙafata ta dama ta zare daga taɓo, ta zare daga wandon gaba ɗaya. Da na nemi gyara tsayuwa, ta hagu ma ta bi sahu. Na ga farin wandona ya taso, ya yi wani juyi, ya kama hanya.

"Ka tashi da ƙafar dama, sunna ce," in ji tsohon. Da ya ga ban tashi ba, ya ce, "To rage kaya. Huda buhun ka ci kaɗan." Sai ya hango wandon, ya miƙe tsaye a karon farko, ya bi shi da kallo. "Wancan kuma ya yi Najeriya. Ruwan nan ba ya tsayawa a duwan. Kana da wani a Yawuri? Ka buga masa waya ya tare maka."

Na ce wayata na hannun wancan la'anannen.

"To ka ga ni ba ni da laifi."

Yaron nan ɗan dako ya dawo, ya tsaya a gefena, hannu a ƙugu, ruwa bai ma kai masa cinya ba. Ya ce yanzu jika guda ne. Na ce ɗazu dala hamsin ka ce. Ya ce ɗazu a tsaye nake. Na buɗe baki in taya, don ko a wane hali mutum yake bai kamata ya bar ciniki ba, sai wani jirgi mai inji ya wuce ta bayanmu cike da buhunan masara. Igiyar ruwansa ta iso. Ta farko ta girgiza ni. Ta biyu ta shiga hancina. Ta uku ban gan ta ba, sai dai na ga sama, na ga gadar can nesa a karkace, na ji buhun ya bar kaina da wata irin sallama mai taushi.

Wanda bai taɓa ganin garin rogo kilo 50 ya sha Kwara ba, bai san ƙishirwa ba. Kafin ƙarti huɗu su ja shi gaɓa ya kumbura ya yi tim, ɗinkin bakinsa na ɓallewa ɗaya-ɗaya. Tsohon ya sauko daga kan jirginsa, ya zagaya buhun, ya lakato kaɗan ya ɗanɗana, ya gyaɗa kai.

"Ai ba a yi asara ba. Jiƙo ya riga ya jiƙu. A kawo sukari da ƙuli-ƙuli, a yi sunan a nan."

Ni dai ina zaune cikin ruwa iya wuya, na ƙudurta ba zan fito ba sai bayan isha'i. Na yi wa ƙanin matata alama ya kawo rigata. Ya yi mini alama cewa bai gane ba. Can sai na ga matan sun haɗa kai suna ƙus-ƙus, Inna ta faɗi wata magana ba tare da ta juyo ba, ɗaya daga cikin gwaggwannin ta kwance zanen da ta yafa a kafaɗa, ta ba 'yar yarinyar nan. Yarinya ta shigo ruwa tana tsalle, ta miƙo mini da hannu biyu, da ladabi.

Ruwan ɗorawa. Kaza da 'yan tsaki.

Na ɗaura. Ban iya ɗaurin maza da shi ba don hannuna na rawa, sai ya zauna mini a ƙirji. Na fito ina ɗiga, na ratsa ta tsakiyar 'yan kabu-kabu, na ratsa masu kifi, na zo wucewa ta gaban kifaffen jirgin. Tsohon ya dube ni daga sama har ƙasa, ya dubi jerin matan, ya sake dubana, ya ɓare murucinsa ya kai baki.

"Saura ɗankwali."